Na San Maleriya Ce, Amma Har Yau Ba Na Iya Cin Awara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan na ci awara a wajen sunan ƙawata, lokacin ban saba da ita ba. Da dare na ci tuwon da muke ci kullum. Kafin asuba sai amai da zazzaɓi, a asibiti aka gwada jinina aka ce maleriya ce. Na warke tuntuni, amma ko ƙanshin awara na ji ana soyawa sai zuciyata ta tashi. Tuwo kuwa ina ci lafiya lau. Kakata ta ce jinina ne bai haɗu da ita ba. Na san ba awarar ce ta kwantar da ni ba, to me ya sa jikina ya ƙi yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A gaishe mini da Kaka, amma jininki ba shi da laifi. Darasi ne ƙwaƙwalwarki ta ɗauka a daren nan ba tare da ta yi shawara da ke ba, kuma masana halayyar ɗan Adam sun shafe kusan shekara 70 suna nazarin irinsa.

Tushen maganar shi ne Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci. Shi ya nuna cewa idan ana kaɗa wa kare wani sauti dab da ba shi abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai zai sa yawu ya zubo masa. Waɗanda suka biyo bayansa suka riƙe cewa wannan koyo yana da sharuɗɗa: sai an maimaita sau da yawa, sai abubuwa biyun sun zo kusa da juna da 'yan daƙiƙoƙi, kuma kowane abu ana iya ƙulla shi da kowane abu.

Labarinki ya karya sharuɗɗan duka. Sau ɗaya kika ci, aman kuma sai bayan sa'o'i. John Garcia, wani masani a Amurka, shi ya fara tabbatar da haka. A 1955 shi da abokan aikinsa suka ba ɓeraye ruwa mai sakarin, wannan dai da wasu masu zoɓo ke sawa, suka haska musu tururin nukiliya mai tayar da zuciya. Ɓerayen suka ƙaurace wa ruwan makonni. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1966, shi da Robert Koelling. Ruwan da suka ba ɓeraye yana da ɗanɗano, kuma duk lasa ɗaya sai fitila ta haska, wani ƙara ya tashi. Rukuni ɗaya aka sa musu ciwon ciki, ɗayan aka sa lantarki ya ja su a ƙafa. Masu ciwon ciki suka guji ɗanɗanon, ba ruwansu da fitila da ƙara. Waɗanda lantarki ya ja suka tsorata da fitila da ƙara, suka ci gaba da shan ruwa mai ɗanɗanon. Ashe ƙwaƙwalwa tana da zaɓi: in ciki ya ɓaci, abin da ya shiga baki take tuhuma. Shi ya sa ba ki tsani gidan sunan ba, ko atamfar da kika ɗaura ranar. Manyan mujallun kimiyya da farko ƙin buga aikin Garcia suka yi, don ya saɓa wa abin da aka sani. Ga ɓera kuwa wannan batun rai ne, domin ba ya iya amai. Guba in ta shiga ta shiga, in ya tsira dole ya tuna.

To me ya wanke tuwo? Sabo. Kin ci shi sau dubbai ba abin da ya same ki, shaidarsa ta yi yawa. Awara ce baƙuwa, kuma in abu ya ɓata a gida baƙo ake fara kallo. Ilene Bernstein ta Jami'ar Washington ta ga haka a 1978 a wajen yara masu ciwon daji: ta ba su wani sabon askirim kafin maganin da ke sa su amai, daga baya yawancinsu suka ƙi shi. Aka kuma juya abin ya zama dabara, a ba yaro alewa mai baƙon ɗanɗano kafin magani don ƙyamar ta faɗa kanta, abincinsa na kullum ya tsira.

Sanin da kika yi cewa sauro ne mai laifi ba ya isa wurin, domin ba da hujja aka ƙulla abin ba. Abin da ke sassauta shi shi ne cin da ba ciwo a bayansa. Ki fara da ɗan gutsure ranar da kike garau, ba da yunwa mai tsanani ba, ba kuma cikin mota ba. Ki sauya mata kama, ki dagargaza ta cikin miya ko ki soya da ƙwai, don ƙanshin soyawar ne ya fi tayar miki da zuciya. Ki maimaita bayan kwana biyu-uku, kada ki tilasta wa kanki har ki yi amai, don hakan sabunta darasin ne. Ko bayan kin saba, wata rana ƙyamar na iya leƙowa. Pavlov ma ya ga karnukansa suna komawa zubar da yawu bayan an ɗauka sun manta, saboda sabon koyo danne tsohon yake yi, ba goge shi ba.

Abu ɗaya zan ware: in kin ci kin ga ƙaiƙayi, ƙuraje, kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa, wannan jiki ne ke ƙin waken suya da kansa. Ki dakata, ki ga likita kafin ki sake gwadawa.