Ma'aikacin otal ya buge min mota, wa zai biya gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na je walimar aure a wani otal a Abuja, na miƙa makulli ga ma'aikacinsu mai faka wa baƙi mota, ya ba ni kati. Garin yin ribas ya daki ginshiƙi, bamba da fitilar baya suka fashe. Manaja ya nuna min allon da ke cewa ba ruwansu da abin da ya sami mota. Ina da cikakkiyar inshora, dillalina ya ce in rubuta ni nake tuƙi don a biya da wuri. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar dillalinka haram ce, ƙarya ce domin cin dukiya, kuma idan kamfanin ya duba kyamarar otal zai iya hana ka komai. Buɗe takardar inshorarka ka karanta sashen direbobi. Wata ta yarda da duk mai lasisi da ya tuƙa da izininka, wata ta taƙaita ga sunayen da aka rubuta. Idan taka ta farko ce, babu ma abin da ƙaryar za ta ƙara maka.

Sai dai tun farko gyaran nan a wuyan otal yake. Na ji masu cewa allon ya wanke su, wai ka gani ka shiga, kuma musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wannan magana ba ta tsaya ba. Allon yana aiki ga wanda ya faka motarsa da kansa ya tafi da makullinsa, don fili kawai aka ara masa. Kai kuwa sun karɓi makulli sun ba ka kati, motar ta koma hannunsu. Sannan ba ɓarawo ne ya zo daga waje ba, balle a ce mai gadi ɗan amana ne da ba a ɗora masa biya. Hannun ma'aikacinsu ne ya yi ɓarnar, kuma a dukiyar mutane kuskure da ganganci duk biya ne. Malikiyya ma sun ɗora lamuni, wato alhakin biyan ɓarna, a kan mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, ko da ya sharɗanta cewa babu lamuni a kansa, ko da bai karɓi lada ba. Saboda haka faɗin cewa kyauta suke fakawa ba hujja ba ce. Sharaɗin da zai sa mutum ya lalata kayan wani ya wuce ɓatacce ne.

Otal za ka bi, kada ka matsa wa yaron. Idan ya yi sakaci, kamar gudu ko latsa waya, tsakaninsa da su ne. Idan kuwa ba shi da lasisi suka ɗora shi a kan motocin mutane, laifinsu ya fi nasa.

Game da inshorar: idan takaful ce, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya, karɓi haƙƙinka. Idan ta kasuwanci ce, Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta haramta irinta a 1985. Abin da doka ta tilasta shi ne ƙaramar inshorar da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mayar naira 15,000 a 2023, wadda ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ban da motarka. Abin da nake gani, karɓi gwargwadon kuɗin da ka zuba musu, ka koma takaful idan ta ƙare.

Kada ka ci biyu a ɓarna ɗaya. Idan inshora ta biya, haƙƙin bin otal ya koma gare ta, sai kason da aka bar maka ka biya da aljihunka, shi za ka nema a wurinsu. Don haka kada ka sa hannu a takardar yafiya kafin ka sanar da kamfanin. Adana katin nan, ɗauki hotuna, nemi manaja ya rubuta rahoto da sunan ma'aikacin, ka buƙaci bidiyon kyamara da wuri kafin ya goge, kuma kada fanel bita ya taɓa motar sai mai kimantawa ya gani. Allah ne mafi sani.