Gasar Lambu: Kada Neman Kofi Ya Sa a Kashe Ƙasa

Malam, saura kwana goma alƙalai su zo duba lambun ƙungiyarmu, ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ta cika ƙarƙashin ganyen kabeji. Na yi feshi sau biyu cikin mako guda amma kullum ƙaruwa take. In ƙara ƙarfin maganin ne, ko in sayo wani?

Ɗan'uwa, ajiye tankin feshin nan tukuna. Duk lokacin da gasa ta matso sai irin wannan wasiƙa ta zo, kuma amsar ba ta sauyawa: feshin da kake yi yana cikin abin da ke ƙara maka darɓar.

Darɓa ba ta jiran namiji kafin ta hayayyafa. Macen tana haifar 'ya'ya rayayyu, su kuma cikin kamar mako guda sun fara haifar nasu. Abin da ke riƙe ta a lambu shi ne maƙiyanta: ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, wanda kan ci darɓa kusan hamsin a rana, da gizo-gizo, da wasu ƙananan zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikinta. Magani irin su saifametirin ba ya tantancewa, kowa yake kashewa. Darɓar da ta ɓuya cikin naɗin ganye ta tsira, ta cika lambu cikin 'yan kwanaki, su kuwa maƙiyan sai sun ɗauki makonni kafin su dawo. Ka kori masu gadi ka bar ɓarawo a cikin gida. In ka ci gaba da magani iri ɗaya, waɗanda suka jure masa su ne za su yi iri, ranar da za ka buƙace shi da gaske ba zai yi maka aiki ba.

Ina kuma zargin ka zuba yuriya don ganye ya yi kore shar a idon alƙalai. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. In ta yi yawa ganye yakan fito da laushi, cike da ruwa, abin da darɓa ta fi so ke nan.

Ga abin yi. Tsinke ganyen da suka fi kamuwa ka binne su. Sauran ka wanke ƙarƙashinsu da ruwa mai ƙarfi da safe. Ka daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 50 ga kowace litar ruwa, ta kwana a jiƙe, ka tace, ka ɗan sa sabulu don ya kama ganye. Ka fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma gida. Maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Duba tururuwa ma: in suna hawa da sauka a jikin shuka, kiwon darɓar suke yi saboda zaƙin da take fitarwa, har suna kore mata maƙiya.

Sannan ka tuna kabejin nan mutane za su ci bayan an gama ɗaukar hoto. A jikin kowace kwalbar magani an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wanda ya fesa jajibirin gasa, ya raba wa jama'a kayan lambu washegari, ya cutar da su ko da ya ci kofi.

Malam, kabewarmu tana fure sosai amma 'ya'yan suna ruɓewa tun suna ƙanana.

Hajiya, kabewa furen namiji daban, na mace daban, ƙudan zuma ne ke haɗa su da sassafe. In maƙwabcin fangalinki yana feshi da safe, to ga dalili nan. Saboda irin wannan ɓarna ne Tarayyar Turai ta hana amfani da maganin ƙwari imidakulofirid da wasu magunguna biyu na danginsa a fili a 2018. Kafin ƙudan su dawo, ki tsinki furen namiji da safe ki goga a tsakiyar na mace. Ki kuma kai maganar gaban ƙungiya, don lambun haɗaka feshin mutum ɗaya na kowa ne.

Zan iya zuba ɗanyen kashin kaji don latas ya yi saurin girma?

A'a. Zai ƙone saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, latas kuwa ɗanye ake ci. Tara shi da busasshen ganye, riƙa juyawa har ya huce ya daina wari.

Muna so mu fesa maganin ciyawa a hanyoyin lambu don su yi tsaf.

Ku nawa ne a ƙungiyar? Fartanya da safiya ɗaya sun isa. Ciyawar da kuka nome, in ba ta yi iri ba, ku shanya ta ku rufe gindin shuka da ita, za ku rage ban ruwa.

Me za mu yi da kwalaben magani da suka ƙare?

A ɗauraye sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda kwalbar don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki. Ba a ƙona su, ba a jefa su a magudana ko kusa da rijiya.

Malam, an sa ni cikin kwamitin shirya gasar bana. Yaya za mu raba maki?

Wannan tambaya ta faranta mini rai, domin gyaran daga wurinku zai fara. Muddin makin duka na girman tumatir ne da ganye marar huji, mutane za su ci gaba da wanka da guba. Gasar Britain in Bloom ta Birtaniya tana ware kaso na musamman na makinta ga kula da muhalli, wani kason ga haɗin kan jama'a. Ku ma ku yi haka. Alƙali ya tona ƙasa da hannu ya ga ko tana da danshi da tsutsar tana. Ya nemi tarin takin gida, ya tambayi inda ruwa ke fitowa da inda rarar ke zuwa. Kowane mai fangali ya nuna littafin da ya rubuta abin da ya fesa da ranar da ya fesa. 'Yan huji a ganye kada su rage maki. Ku kuma kai ziyara sau biyu ko uku a kakar, ɗaya daga ciki ba tare da sanarwa ba, kuma ku sanar da waɗannan sharuɗɗa tun kafin a yi dashe.