Tambaya da Amsa: Baƙaƙen matuƙa jiragen yaƙi na runduna ta 99

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina son tarihin baƙaƙen fatar nan da suka tuƙa jiragen yaƙin Amurka a yaƙin duniya na biyu, wani abokina yace wai ko jirgi ɗaya cikin waɗanda suke yi wa rakiya ba a taɓa kakkaɓowa ba, haka ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Waɗanda kake nufi su ne runduna ta 99, an kafa ta a watan Maris 1941, lokacin da manyan sojan Amurka suka yi imani wai baƙin mutum ba shi da ƙwaƙwalwar tuƙa jirgi. Aka ware su can Tuskegee a jihar Alabama, bariki daban, wurin cin abinci daban. Rukunin farko mutum 5 ne kacal suka gama horo a Maris 1942, cikinsu har da Benjamin O. Davis ƙarami wanda ya zama kwamandansu.

A Afrilu 1943 suka sauka Kasabalanka, daga nan sai Tunisiya da jirage samfurin P-40. To nan ne abin da yake ci min rai. Aikin da aka fi ba su shi ne kai hari ƙasa, su sunkuyo da jirgi ƙasa-ƙasa su saki bam kan bindigogin abokan gaba, kamar yadda suka yi a tsibirin Pantelleria na ƙasar Italiya a watan Yuni, aiki ne mai mugun hatsari don duk mai bindiga a ƙasa kai yake auna, amma kuma ba kasafai kake haɗuwa da jirgin Jamus a sama ba balle ka harbo shi. Charles Hall ya kakkaɓo na farko ran 2 ga Yuli 1943, daga nan shiru wata da watanni. Sai Kanar William Momyer, wanda suke ƙarƙashinsa, ya rubuta rahoto wai ba su da zuciya, a ɗauke su daga bakin daga. Kai jama'a, ka tura mutum inda babu jirgin abokan gaba sannan ka ce me yasa bai harbo ba! Sai da Davis ya je Washington da kansa ya kare yaransa a gaban kwamiti.

Amsar gaske ta zo a Anzio, ƙasar Italiya, ran 27 da 28 ga Janairu 1944, cikin kwana biyu suka kakkaɓo jiragen Jamus sama da 10. Bakin masu surutu ya mutu. A Yuli aka haɗe su da babbar runduna ta 332, wadda ita ma ta baƙaƙen fata ce, a Ramitelli can Italiya, aka ba su P-51 masu jar wutsiya, suka koma rakiyar manyan jiragen bam har Berlin.

Maganar abokinka kuwa ba haka bane, an daɗe ana yaɗa ta amma da aka bincika takardun sojan sama an samu aƙalla jiragen bam 27 da aka harbo ƙarƙashin rakiyar runduna ta 332. Sai dai fa wannan adadin ya yi ƙasa sosai da na sauran rundunonin fararen fata da suke aiki iri ɗaya daga Italiya, don haka ni a ganina basa buƙatar a yi musu ƙari. A 1948 shugaba Truman ya sa hannu aka soke wariyar launi a soja, shi kuma Davis ya zama baƙin janar na farko a sojan saman Amurka a 1954.