Hukuncin Sana'ar Haɗa Wasannin Bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata biyu ina koyon haɗa wasannin waya da manhajar Unity, har na fara samun na kashewa. Baba ya ce shiririta ce, ina taya yara ɓata lokaci ne kawai. Ni ma zuciyata ta kasa natsuwa. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka ci gaba, amma da sharuɗɗa.

Asalin sana'a halal ne har sai nassi ya hana, kuma shari'a ba ta kori wasa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasan māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsaya yana kāre Nana A'isha tana kallo. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasanta, da ta ce ai Annabi Sulaiman yana da irinsa, sai ya yi dariya. Da wannan malamai suka sassauta kan surorin wasan yara. Akwai saɓani kan hoton da ke bayyana a gilashin waya, ni dai ina tare da masu halattawa, muddin babu tsiraici ko girmama abin bautar wani.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar samun kuɗin. Wasanni da yawa suna sayar da akwatin sa'a: yaro ya biya kuɗi na gaske, bai san abin da zai fito masa ba, in bai dace ba ya sake biya. Wannan caca ce, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta. Ko hukumar kula da caca ta Beljiyam a 2018 ta sanya irin waɗannan akwatuna a layin caca. Kada ka saka akwatin sa'a a wasanka, komai ribarsa. Haka tallan kamfanonin caca, ka toshe shi. Kada kuma ka ɗana tarkon nan na kyautar da za ta ɓace in mutum bai shigo yau ba. Na sha ganin yaro a ƙofar gida, ana kiran Magariba, babban yatsansa na kan gilashi, uwa tana kira ko ɗagowa bai yi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Damuwar mahaifinka tana da tushe.

Amfani kuwa akwai shi. A 2011 masu buga Foldit, wasan da Jami'ar Washington ta haɗa, sun gano siffar wani furotin na ƙwayar cuta da ya gagari masana fiye da shekara 10. Mutanen Inupiyat na Alaska sun zuba tatsuniyarsu da harshensu a wasan Never Alone a 2014. Mu ma ga Gizo da Ƙoƙi, ga dara, ga rubutun ajami da yaranmu ke mantawa. Ko wasan nishaɗi zalla, in ya tsarkaka, kuɗinsa halal ne, da niyyar ciyar da iyali kuma akwai lada.

Kada ka yi jayayya da Baba. Ka zauna kusa da shi bayan Isha'i, ka miƙa masa wayar, ka nuna masa abin da ka haɗa da abin da ka ƙi sakawa, ka nemi albarkarsa.

Wallahu a'alam.