Ku Tambayi Mama: "Ina addu'a, amma barci ya ƙaurace mini"

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a Kaduna, shekarata 38, yarana huɗu. Maigidana direban haya ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, in ya zuba mai ya biya balas, abin da ke saura ko cefanen yini ba ya yi. Ga mai gidan da muke haya ya ƙara mana kuɗi. Kullum ƙarfe biyu na dare sai in farka gabana na faɗuwa, in yi ta lissafi har asuba. Na faɗa a Zumuntar Mata don a taya ni addu'a, sai wata babba a cikinmu ta ce mai bege ba ya damuwa, wai rashin bangaskiya ke damuna. Tun ranar na kama bakina. Mama, begena ne ya mutu?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne kin kama bakinki. Kuɗin haya nauyi ne, amma ɗaukarsa ke kaɗai cikin dare ya fi shi nauyi.

Begenki bai mutu ba. Wadda begenta ya mutu ba ta neman a taya ta addu'a, ba ta kuma zama ta rubuta wasiƙa. Ita 'yar'uwar da ta yi miki wannan magana, na yarda da alheri take nufi, sai dai ta yi kuskure, kuma Littafi Mai Tsarki da kansa bai goyi bayanta ba. Ki buɗe 2 Korintiyawa sura 1. Bulus, wanda ya fi kowa rubutu a kan bege, ya ce wahalar da ta same su a ƙasar Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da rai. Ubangijinmu ma a Gatsemani ya gaya wa Bitrus da Yaƙub da Yohanna cewa ransa na cike da baƙin ciki, ya roƙe su su zauna tare da shi. In Shi bai ɓoye ba, wa ya isa ya sa ki ɓoye?

Inda muke rikicewa shi ne muna haɗa fata da bege. Fata ita ce ki ce Allah ya sa farashin masara ya sauko bayan kaka. Yana iya saukowa, yana iya ƙin saukowa. Bege kuwa, ko sa zuciya kamar yadda wasu fassarori suka sa, yana rataye ne a kan abin da ya riga ya faru: an gicciye Yesu, an binne shi, a rana ta uku kabarin ya zama wofi. Farashin kasuwa ba ya taɓa wannan. Ibraniyawa 6:19 ta kwatanta shi da anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Mu da ba mu tashi a bakin teku ba, ni turke nake cewa. Akuyar da ke ɗaure a turke tana jin tsawa, ruwa na dukanta, tana kuka, tana zagaye, amma da safe nan za ki same ta.

Bari in gaya miki inda na koyi wannan. Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, ina can da jikokina biyu. Ranar ce kuma suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da ke Kwarhi, har shugabannin ekklesiya suka koma Jos na ɗan lokaci. Mun fita da abin da ke jikinmu kawai, tukunya na kan wuta. Kwana uku muna daji kafin mu samu motar Yola. A Yola an karɓe mu, mutane da yawa ma harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa ce ta zama gidansu. To, ni da na yi shekaru ina koyar da mata Littafi Mai Tsarki, sai da na yi kusan wata biyu ban iya haɗa addu'a mai kan gado ba. In na rufe ido ƙarar bindiga nake ji. Abin da na iya faɗa kawai shi ne "Ya Ubangiji, ka gani."

Wata tsohuwa da muke kwana ɗaki ɗaya, ba ta iya karatu ba, ita ce kullum da asuba take cewa in karanta mata Makoki 3 daga aya 21, inda aka ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Da farko bakina ne kawai ke karantawa. Sai wata rana na lura a ina aka rubuta waɗannan kalmomi: a kan kufan Urushalima, bayan Babiloniyawa sun ƙone birnin da Haikali, sun kwashi mutane bauta. Mai rubutun ya sha wuya kamata. Bai ce birnin bai ƙone ba, surori biyar ya yi yana kuka a kansa, kuma a tsakiyar kukan nan ya sa maganar bege. Daga ranar na daina jin kunyar hawayena a gaban Allah.

Yanzu maganar darenki. Ki tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin itace ya ce a ɗauki ransa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi, ga gurasa da tulun ruwa, ya ce ci. Ya ci, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan nan, a Dutsen Horeb, Allah ya yi masa magana, ya kuma gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, don Iliya yana tsammanin shi kaɗai ya rage.

Saboda haka, a wannan mako ki je asibiti ko kemis mai na'ura a auna jininki. Faɗuwar gaba da rashin barci na tsawon lokaci sukan tafi tare da hawan jini, shi kuwa yakan daɗe a jiki bai nuna kansa ba. Ki gaya wa likita komai, har da damuwar. Shan magani bai rage bangaskiyar kowa ba.

Lissafin da kike yi ƙarfe biyu na dare, ki mai da shi ƙarfe biyar na yamma, a takarda, ke da maigida. Ina kyautata zaton shi ma ba barci yake yi ba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana tsammanin yana rufa masa asiri. Ku je wajen mai gidan haya tun wa'adi bai cika ba, ku nemi ya yarda ku biya kashi-kashi. In ikilisiyarku tana da asusun taimako, ki nema, don irin wannan rana aka tara shi, ke ma kin sha zuba naki.

In kin farka duk da haka, kada ki tsaya neman dogon addu'a. Zabura 42 da 43 sun ishe ki. Sau uku mai zabura ya tambayi ransa me ya sa ya karai, ya ce masa ya sa zuciya ga Allah. Da magana ta shige shi a karo na farko, da bai maimaita ba.

Kada ki bar Zumuntar Mata. Ki duba cikinsu ki samu mace ɗaya mai riƙe sirri, wadda ta taɓa shan wuya, ki gaya mata abin da kika gaya mini, ku riƙa addu'a tare ko da ta waya ce. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da awon jinin ya nuna da yadda kuka yi da mai gidan haya. Na sa ki da maigida da yaran nan huɗu cikin addu'ata ta asuba.