Tuffar Afirka ta Kudu ko kankanar bakin fadama?

Wata ƙanwata daga unguwar Mabera a Sakkwato ta rubuto: "Anti, ina haɗa salak ɗin 'ya'yan itace a ƙananan robobi ina sayarwa. Na ga wani haɗi a Facebook mai tuffa da inabi da sitiroberi, na gwada, uwar kuɗin ma ba ta dawo ba. Dole ne sai da su?"

Ƙanwata, wadda ta rubuta haɗin nan da abin da ke bayan gidanta ta yi. Tuffar da kike gani da 'yar takarda manne a jiki, galibi daga Afirka ta Kudu take zuwa, cikin kwantena mai sanyi ta jirgin ruwa zuwa Legas, sannan mota ta yi doguwar tafiya da ita zuwa Sakkwato. Da dala aka saye ta, kuma kowane hannu da ta bi sai ya ɗora nasa. Inabin roba ma hanyarsa ke nan.

Sitiroberi kam ana nomansa a gida, a kewayen Jos, lokacin sanyi. Sai dai zafinmu ba ya raga masa. Na taɓa aiko da kwali ɗaya a motar haya, da na buɗe rabinsa ya zama kunu.

Ki yi sammako ki shiga kasuwar Ramin Kura. Kankana ta ba ki ja da ruwa, ki ƙwanƙwasa ki ji tana amsawa kamar ganga, ki duba inda ta kwanta a ƙasa ya yi rawaya. Gwanda ta ba ki laushi. Ɗanɗanon tsamin da tuffa ke bayarwa, abarbar kudu da lemun Binuwai za su rufe shi. Idan mangwaro ya faɗo, daga Maris zuwa Mayu, ki bar shi ya ja ragamar robar, amma mai tsoka, ba mai zare ba. Ayaba sai za a miƙa wa mai saye, in ba haka ba ta yi baƙi ta kunyata ki. Tuffa guda ɗaya, a yanka siriri a ɗora a sama, ta ishe ki kwalliyar roba goma, ki ɗan matsa mata lemun tsami kada ta sauya launi.

Wani bawan Allah daga Runjin Sambo kuma yana tambaya ko ya sayo wa maiɗakinsa dabinon Madina don kunun aya.

Malam, dabinon Madina irin Ajwa a baki ake cin ta, asara ce a niƙa ta. Busasshen dabinon da ke shigo mana daga Nijar ta Illela ya fi dacewa, a jiƙa shi tare da ayar ya kwana. In ka samu na Dutse, inda ake nomansa a Jigawa, shi ma ya yi. Kafin a auna maka mudu, ka fasa biyu ko uku. In ka ga gari-gari a ciki, ƙwari sun riga ka.