Amsa: Me ya sa saƙonnin kamfaninmu ke faɗawa kwandon shara a Gmail?

Malam, ka ce kuna amfani da Google Workspace (tsarin imel na Google don kamfanoni) da adireshin kamfaninku, amma kwastomomi sai sun tono saƙonku a cikin tarkacen spam. Sau da yawa, hatimin da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ku yake ne babu, wato SPF, DKIM da DMARC. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta: kowane mai aikawa ya samu SPF ko DKIM, wanda kuma ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail dole ya samu duka biyun, ya haɗa da DMARC.

Shiga inda kuka sayi sunan shafinku, ka buɗe sashen DNS, inda ake ajiye bayanan sunan shafin. SPF layin rubutu ne (TXT) da ke faɗin waɗanda kuka yarje wa su aika da sunanku: v=spf1 include:_spf.google.com ~all. A nan ake yawan tuntuɓe. Layin SPF ɗaya tak ake so; in akwai wata manhaja da ke tura muku rasit, cusa ta cikin layin nan, kada ka buɗe na biyu, duka biyun za su lalace. Kada kuma binciken DNS da layin ke jawowa (kamar na kowane include) ya wuce 10.

DKIM sa hannu ne. Ka ƙirƙiri makulli mai tsawon bit 2048 a shafin gudanarwa na Google, ka liƙa a DNS, sannan ka koma ka kunna shi, wanda da yawa ke mantawa.

DMARC kuwa, shi ke faɗin yadda za a yi da saƙon da bai ci gwajin tantancewa ba; fara da p=none (sa ido kawai) a layin DNS mai suna _dmarc, ka bi rahotanni na 'yan makonni. Ni ban ba ka shawarar p=reject (a ƙi karɓar saƙon) tun farko ba, saƙonninku na halak ma za su iya salwanta.

Jira har awa 48, ka aika saƙo zuwa wani adireshin Gmail na daban, ka buɗe shi a can, ka danna "Show original" ka ga ko ukun sun nuna PASS.